Kafin kawunka ya ba da kwangilar boila

Ɗana, ka ce kawunka ya sayi tsohon gida mai hawa uku a Bronx ta birnin New York, boilar tururin da ke ɗumama gidan ta fara yoyo, 'yan kwangila uku sun ba shi farashi, kuma ya ce ka tambaye ni, maigidanka a aikin falamba, wanne zai ɗauka. Ban ga mutanen ba, don haka ba zan nuna masa ɗaya ba. Amma zan gaya maka yadda ake tace su. Ka saurara da kyau, wata rana kai za a tace.

Fara da takarda, a wuce wurin. A birnin New York hukumar gine-gine, wadda muke kira DOB, ita ke ba babban falamba lasisi, kuma galibi ba ta bayarwa sai mutum ya yi shekara 7 a cikin aikin ya ci jarrabawa. Kawunka ya nemi lambar lasisin, ya duba ta a shafin hukumar, ya tabbatar sunan da ya fito shi ne na kamfanin da ke kan takardar farashi. Akwai masu aron lasisin wani su yi aiki da shi, mai lasisin bai taɓa taka gidan ba. Ya nemi shaidar inshora, ya kuma tambayi wa zai ciro izinin aiki. Duk wanda ya ce "Alhaji, mu bar maganar izini, zan rage maka," a sallame shi tun daga bakin ƙofa, musamman in aikin ya taɓa bututun gas. A ranar 26 ga Maris 2015 gas ya fashe a unguwar East Village saboda haɗin sata, mutum 2 suka mutu, gine-gine 3 suka rushe. A 2019 kotu ta kama mai gidan da ɗan kwangilar da falamban da ba shi da lasisi da laifin kisan da ba da niyya ba.

To, lasisi dai ya nuna mutum ya san doka. Bai nuna ya san tururi ba. Nan ne mutane suke faɗawa rami. Da yawa daga cikin abokan sana'armu gwanaye ne a bayi da kicin da boilar ruwan zafi, amma in ka kai su gaban boilar tururi sai su riƙa yi mata aikin da ba nata ba.

Ga gwajin da ban taɓa ganin ya yi ƙarya ba. A cikin ukun nan, wa ya hau sama? Wanda ya sauka ƙarƙashin gida, ya haska tocila a kan farantin bayanan da ke jikin tsohuwar boila, ya kwafi lamba, ya ce zai kawo irinta ko wadda ta ɗan fi ta, wannan bai san aikin ba, ko kuma ya sani yana sauri. Masani zai nemi a buɗe masa kowane ɗaki. Zai durƙusa gaban kowace radiyeta, ƙarfen nan da tururi ke shiga ya ɗumama ɗaki, da tef ɗinsa, ya auna tsayinta, ya ƙirga yankunanta da layukan bututunta, ya rubuta. Dalili kuwa, boilar tururi ba da girman gida ake zaɓenta ba, da yawan ƙarfen da za ta cika da tururi ne. Kowace ƙafa murabba'i ta jikin radiyeta tana sakin BTU 240 a awa, BTU kuwa ma'aunin zafi ne, sai a tara na gidan duka a nemi boilar da ta dace da jimlar. Tsohuwar da ke ƙasa ba abin dogaro ba ce. Gidajen nan da gawayin kwal aka fara ɗumama su, an cire radiyetoci a wasu ɗakunan, kuma duk wanda ya canza boila sai ya ƙara girma don kada a kira shi a ce akwai sanyi. Boilar da ta yi wa gida yawa ta kunna ta mutu, ta kunna ta mutu, tana shan gas, ɗakin ƙarshe kuma bai ji ɗumi ba.

Sai tambaya ta biyu, wadda shi ɗan kwangilar ya kamata ya yi da kansa: me ya huda tsohuwar? Boila ba ta ruɓewa haka kawai. Galibi ruwa ne ke zurarewa a wani wuri, sau da yawa a bututun komowa, mai mayar da ruwa cikin boila, da aka binne a ƙarƙashin daɓe, sai na'urar ƙara ruwa ta yi ta zuba sabo ba wanda ya sani. Sabon ruwa yana ɗauke da iskar da ke cin ƙarfe. In ba a gano yoyon ba, sabuwar ma hanyar za ta bi.

Ka ce wa kawunka ya tambaye su da wane bututu za su haɗa kan boilar. Amsar ita ce baƙin ƙarfe mai zare, a kan faɗin da littafin kamfanin boilar ya zana. Wanda ya ce jan ƙarfe, don ya fi sauƙin yanka da liƙawa, yana sauƙaƙa wa kansa ne. Jan ƙarfe yana miƙewa da zafi fiye da baƙi, kullum yana ja yana saki har haɗin dalmar ya gaji. Kuma boilolin yanzu ƙanana ne, ba su da sararin da tururi zai rabu da ruwa a cikinsu, bututun da ke kansu ne ke yin wannan aikin. In aka matse shi, ruwa ya bi tururi zuwa sama. Ya kuma nemi a nuna masa inda madaukin Hartford zai zauna, wannan lanƙwasar da na nuna maka, wadda ke hana ruwan boila tsiyayewa in bututun komowa ya fashe. In mutum ya yi zuru da jin sunan, an gama magana.

Game da matsi, ka san abin da nake faɗa kullum. Gida irin wannan bai buƙatar matsin tururi fiye da fam 2 a kan kowane inci murabba'i, sau da yawa ƙasa da haka. Bawul ɗin kariya sai a fam 15 yake buɗewa, shi ya sa wasu suke ganin fam 5 ko 8 ba komai ba ne. In ɗaki ya ƙi ɗumi, rago sai ya murɗa matsi sama. Alhali iska ce ta tare hanya, domin tururi ba ya shiga inda iska ba ta fita ba. Maganin yana wurin 'yan hancin fitar da iska da ke gefen radiyeta da manyan da ke ƙarshen babban bututu a ƙasa, waɗanda za ka tarar an shafe su da fenti ko an toshe su da murfi tun shekaru. Haka ƙarar nan kamar ana dukan bututu da guduma cikin dare: ruwa ne ya kwanta inda bututu ya lotsa, tururi ya kwaso shi ya maka a gwiwa. Wani lokaci ɗan katako a ƙarƙashin ƙafar radiyeta, ta karkata wajen bawul, shi ke nan. Na sha ganin an yi wa mutum farashin sabuwar boila a kan abin da bai wuce wannan ba. Mai amana zai faɗi ƙaramin gyaran ko da ya rasa babbar kwangila.

Na san kawunka zai so ya ba ɗan gida, wanda suke sallah a masallaci ɗaya. Ba laifi, ni ma da haka na samu aikina na farko a garin nan. Amma a yi masa tambayoyin da za a yi wa baƙo, kuma a rubuta komai. Kunya ce ke hana mu neman takarda a hannun namu, sai rigima ta tashi a rasa abin nunawa, zumunci ya lalace a kan bututu. Ya nemi lambar mutum biyu da aka yi wa aikin tururi, aikin da ya ga hunturu aƙalla ɗaya, ya kira su ya tambaya ko mutumin yana ɗaga waya a watan Janairu.

Kada kuma ya jira sanyi. Dokar birni ta ce daga 1 ga Oktoba zuwa 31 ga Mayu dole mai gida ya ba 'yan haya ɗumi: digiri 68 a ma'aunin Fahrenheit na nan da rana in waje ya yi ƙasa da 55, da dare kuma 62. Wanda boilarsa ta mutu a tsakiyar hunturu, 'yan haya suna kiran 311, lambar kai ƙorafi ga hukumar birni, ba shi da bakin ciniki, duk wanda ya zo shi zai ɗauka.

Batun kuɗi, ya ba da kafin alƙalami daidai na sayen kaya, sauran kashi-kashi yadda aiki ke tafiya. Kason ƙarshe ya riƙe shi sai an yi abu uku a gabansa. A sa na'ura a bututun hayaƙi a auna ƙonewar wuta, a ba shi sakamakon a rubuce. A gwada na'urar da ke kashe wuta in ruwa ya yi ƙasa, ya gani da idonsa ta kashe. Sannan a dawo bayan 'yan kwanaki a yaye man da ke taruwa a saman ruwan sabuwar boila, aikin da ke cin awanni ana tsaye da bokiti, shi ya sa ake gudunsa. Zai gane an yi in ya kalli gilashin ruwa boila tana aiki: ruwan zai ɗan motsa kaɗan, ba zai riƙa tsalle sama da ƙasa ba. In ya ga farin rufi mai gari-gari a kan tsofaffin bututu kuwa, kada kowa ya kankare shi, kai ma haka, sai an gwada ko asbestos ne, sinadarin nan da ƙurarsa ke cutar da huhu.