Tambayi Likita: faɗuwar gaba a ɗakin jarrabawa da kwana karatu

Assalamu alaikum. Tunda lokacin JAMB da WAEC ya matso saƙonnin da suke shigo min kusan duk magana ɗaya ce, sai na zaɓo huɗu.

Wata ɗaliba daga Zariya ta ce: Likita wallahi ina karatu sosai amma da na zauna a ɗakin jarrabawa sai gabana ya dinga faɗuwa, tafin hannuna ya jiƙe, kaina ya ɗauke ɗif kamar an ɗauke wuta, ina fitowa kuma komai ya dawo. A gida an fara cewa ko jifa ne.

'Yata ki kwantar da hankalinki, wannan abu mun san shi sosai a asibiti. Idan mutum ya tsorata jiki yana sakin wani sinadari da ake kira adirenalin, shi ke sa zuciya ta ƙara gudu, gumi ya karyo, baki ya bushe, don jiki na shirin gudu ne, bai san bambancin kare ya biyo ki da takarda a kan tebur ba. Karatun yana nan a kanki, tsoro ne ya tare ƙofa, shi ya sa kina fitowa yake dawowa.

Akwai yarinyar da aka taɓa kawo min daga wajen jarrabawa, yatsunta sun ƙanƙame, leɓɓanta na mata kamar ana tsira allura, uwar na kuka ta ɗauka shanyewar jiki ce. Numfashi ne kawai take yi sama-sama da sauri har iskar kabon ta ragu a jininta. Na ja kujera na zauna gabanta, na ce ta ɗora hannu a ciki, mu ja iska ta hanci muna ƙirga 4, mu sake ta baki a hankali muna ƙirga 6, kafin wani lokaci yatsun suka saki da kansu, ko allura ba mu yi mata ba. Wannan numfashin nake so ki koya, amma tun yanzu, kullum bayan sallar asuba da kafin ki kwanta, don ranar wanka ba a ɓoyon cibi, abin da jiki bai saba ba ba zai zo miki a cikin rikici ba. Ki haɗa da addu'arki.

Sannan ki riƙa gwada kanki da agogo. JAMB tambaya 180 ce a minti 120, kin ga kowace tambaya daƙiƙa 40 kenan, toh ki samu tsofaffin tambayoyi ki zauna a kujera ki sa lokaci, in da hali a kwamfuta. Wadda ta yi miki tauri ki tsallake ki dawo mata. Ki tafi da hankici ki goge yatsa kafin dangwale, kuma banda lalle a kwanakin, yakan hana na'ura ɗaukar yatsa.

Wani ɗan jami'a daga Sakkwato: Likita ina haɗa Nescafe da goro in kwana karatu, wani abokina kuma ya ce in gwada tiramol yana ƙara ƙarfin karatu.

Ɗana don Allah kar ka kusanci tiramol. Maganin ciwo ne mai ƙarfi, yana kama mutum ya kasa bari, kuma yana iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya musamman in aka sha da yawa. Na ga yara masu ƙoƙari da suka fara shi da sunan karatu, abin yana ci min rai har yau. Kofi da goro kuwa dukkansu akwai sinadarin kafeyin mai hana barci a ciki, kuma bayan kamar awa 5 rabinsa na nan a jininka, wato wanda ka sha da magariba yana aiki har tsakar dare, ga shi yana ƙara bugun zuciya da rawar hannu, abin da kake gudu kenan. A cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke adana abin da ka karanta da rana. Baligi na buƙatar aƙalla awa 7, 'yan sakandare 8 zuwa 10. Ka rufe littafi da wuri a daren jarrabawa, in ka tashi asuba ka duba taƙaitaccen abin da ka rubuta.

Wata uwa daga Gusau: Ɗana ɗan shekara 15 duk safiyar jarrabawa sai amai da gudawa, babansa ya ce raki ne.

Hajiya ba raki ba ne, ciki da ƙwaƙwalwa a haɗe suke ta jijiyoyi, in hankali ya tashi hanji ma motsawa yake. Ki ba shi abu mara nauyi da safe, koko ko shayi da burodi, a bar mai maiƙo, ya sha ruwa. Amma abin da na fi so ki duba shi ne maganganun gida. "Ka san nawa muka kashe a kanka", "dubi ɗan wane", yaro da su yake shiga ɗakin jarrabawa suna masa yawo a kai. Ki samu Alhaji a natse ki nuna masa wannan amsar. In kuma abin ya wuce lokacin jarrabawa, yana ramewa, ba ya barci, ya daina shiga mutane ko ya fara cewa gara ya mutu, kar a jira, a kai shi asibiti. Akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Aminu Kano, akwai asibitin tarayya na Kware kusa da ku a jihar Sakkwato, zuwa can ba hauka ba ne.

Na ƙarshe ya tambaya ko zai iya sayen propranolol a kyamis don ya ji yana rage bugun zuciya. Yana ragewa, mukan rubuta shi wani lokaci, amma ga mai asma yana iya toshe numfashi, kuma bugun zuciya na iya zama daga ƙarancin jini ko maƙoƙo mai aiki fiye da kima. Ka je a auna ka tukunna, kuma ko likita ya ba ka, a fara gwadawa wata rana daban kafin ranar jarrabawar.