Benz ɗin Baba da rediyon zamani: amsoshin wannan satin

Salamu alaikum jama'a. Satin nan kaman an haɗa baki, saƙonnin da suka shigo kusan duk kan tsofaffin motoci ne da yadda za a sa musu sauti na zamani. Na zaɓi guda biyar, sauran ku yi haƙuri, aiki ya mana yawa a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, tunda damina ta shigo, kowa waifa da fitila.

Na farko wani matashi ne daga Aboabo: "Masta barka da aiki. Baba Allah ya jiƙansa ya bar mana Benz 230E ta 1982, rediyon Becker da ta zo da shi yana ciki har yanzu amma sai shhh yake yi. Ina so in sa irin mai allon nan na Android, wani ya ce sai an ɗan yanka dashbod. Kawu kuma ya rantse in na taɓa ba ni ba shi. Ya zan yi?"

Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Ɗan'uwa, wannan karon Kawu ya fi ka gaskiya, kuma kalmar nan "ɗan yanka" ita ce ta kashe motoci da yawa a garin nan. Ramin rediyon motarka faɗinsa milimita 180 ne, tsayinsa 50, shi ake ce ma DIN ɗaya. Mai allon da kake so tsayinsa 100 ne, ninki biyu kenan, toh ina za a samo sauran 50 ɗin? Dole a ci katakon da ke wurin ko a fasa wurin tokar sigari, kuma katakon nan na zebrano in ya tafi ya tafi, zaka zagaye Suame tun safe har la'asar ka samu wanda rana ta riga ta fasa, kalarsa ma bata zo ɗaya da naka ba. Allon kuma shekara uku huɗu ya fara daskarewa ka cire ka yar, ramin yana nan yana kallonka. Motar da ta yi sama da shekara 40 ba a taɓa ta da zarto ba, kar ya zama kai ne na farko.

Ni ka'idata a irin motocin nan ɗaya ce, duk abin da zan sa sai in ya zama ranar da aka gaji da shi za a kwance shi da sukundireba a mayar da na asali, ba wanda zai gane an taɓa wurin.

Fara da Becker ɗin kansa, kar ka yanke masa hukunci tukun. Shhh ɗin nan sau da yawa ba laifin rediyo bane, eriya ce. Motocin nan da yawa eriyar Hirschmann suke da ita mai fitowa da kanta a gefen but, in ta maƙale ko wayarta ta yi tsatsa rediyo ko sabo fil ne haka zai yi. In eriya lafiya lau, toh kafasitocin ciki ne suka bushe, duk wani dattijo mai gyaran rediyo ya san wannan aikin, amma ka kai wa dattijo nace, ba yaron da ke canza sikirin ɗin waya ba. In an zaro shi ka leƙa bayansa. Da yawa daga cikin Becker da Blaupunkt na wancan zamanin suna da wani soket zagayayye mai ƙananan ramuka, an yi shi ne don a jona kaset daban, kuma yanzu ana saida ƙaramin adafta na Bluetooth mai shiga wurin daidai. Ka jona, ka tura shi bayan dashbod, wayarka ta kama, karatu ko wa'azi ko waƙa duk ya fito ta tsohon rediyon Baba, maɓallin ƙara murya ma shi ne dai na da. Abu ɗaya, a soket ɗin zaka tarar da wani ɗan marfi a toshe, shi yake haɗa layin sauti, in ka cire shi baka sa komai ba rediyo zai yi tsit ka ɗauka ka kashe shi. Sa marfin a leda ka manna a jikin rediyon.

In kuma Becker ɗin ya mutu murus, akwai sababbi masu fuskar da, da suke shiga ramin ba tare da an taɓa komai ba. Blaupunkt sun sake fito da Bremen SQR 46 DAB, fuskarsa irin ta 1986 amma ciki Bluetooth da USB, har da DAB, rediyon dijital ɗin da hukumar sadarwa ta Ghana, NCA, ta fara gwajinsa a Accra da Kumasi a 2023. Akwai Continental TR7412UB-OR, baƙi ne ba ƙyale-ƙyale, wutarsa ruwan lemu, da dare sai ka rantse da shi motar ta zo, kuma ya fi Bremen sauƙin kuɗi sosai, ni shi nake yawan ce ma mutane su nema. Abin da bana so shi ne irin mai fitilu shuɗi da ja yana walƙiya kaman shagon aski.

Sai maganar waya, nan ne masu gaggawa suke ƙona sabon rediyo. A tsakanin kujerun gaba akwai wata ƴar taya da ake murzawa sauti ya koma gaba ko baya. Tsohon tsarin yana haɗa wayoyin sifiku wuri ɗaya, rediyon yanzu kuwa kowace sifika da wayoyinta biyu nata na kanta, in aka haɗa su ko aka taɓa su da jikin mota sai ya ɗau zafi ya mutu. A ja sababbin wayoyi ta ƙarƙashin kafet, tsofaffin a naɗe bakinsu a barsu inda suke, tayar ma a barta a wurinta ko bata aiki. Kar a yanke filogin asali. Becker ɗin kuma ka sa shi a kwali ka ba Kawu ya ajiye, ka ga an shirya kenan.

Na biyu daga Nima, shi ma mai Benz ne: "Masta ina da 240D, da ita muke rakiyar amarya. Ina son bes wanda tun daga kwana za a san mun iso. Na ga amfilifaya an rubuta 3000W a kasuwar kayan mota ta Abossey Okai, in saya?"

Hahaha, Allah ya kai mu bikin. Lambar nan ta jikin kwali ka manta da ita, ado ne, ka nemi inda aka rubuta RMS, shi ne ƙarfin gaskiya, in babu shi ko a jiki ko a takarda ka ajiye musu kayansu. Rediyon da ake rubuta ma 4x50W ma in ka bi gaskiyarsa wajen wat 20 yake ba kowace sifika.

Yanzu mu yi lissafi. Altanetar da yawancin motocin nan suka zo da ita amfiya 55 take bayarwa. Fitilun gaba biyu kaɗai sun ci kusan 10, ga fanka, ga waifa, ga fitilun baya, in da AC kuma ba a magana. Amfilifaya mai wat 500 na gaske in ka raba da bolt 14 ya haura amfiya 35, kafin ma a sa wanda yake ɓacewa a zafi. Kuma a jerin gwanon biki tafiya ake a hankali, inji na ƙasa-ƙasa, lokacin altaneta bata ba da ko kusa da 55 ɗin. Zaka ga fitila tana rawa da kiɗan, washegari a tura ku.

Ga wani abu da yawancin masu sa kiɗa basu lura da shi ba, tankin man motar nan a tsaye yake a bayan jinginar kujerar baya, tsakanin ku da but. Na farko bes ɗin da ka zuba a but da ƙyar yake shigowa ciki, sai dai ya yi ta karkaɗa lambar mota, na waje ya ji kwaram-kwaram. Na biyu kuma shi ne abin da ya taɓa faruwa a shagona. Wani yarona ya tashi ɗaura amfilifaya a bangon but, ya ɗau dirili da dogon sukuru, ni ina can ina shan koko, sai ji nayi wari ya tashi, na zo na tarar mai yana bin kafet a hankali kaman zufa. Allah ya taimake mu dizal ce, da fetur ce da tartsatsi ɗaya ya isa. Sati guda ina neman tanki, da kuɗina, ga kunyar mai mota. Tun ranar ba a huda komai a bayan Benz a wurina.

Abin da zan ce ka saya shi ne ƙaramar wufa, wato sifikar bes, shimfiɗaɗɗiya mai amfilifaya a cikinta, inci 8, irin wadda ake turawa ƙarƙashin kujera, ka auna wurin da tef kafin ka biya. Ka ɗora ta kan ɗan katako kar ta zauna a kafet kai tsaye, don motocin nan in robar gilas ta tsufa ko magudanar ruwa ta toshe ruwan sama a ƙasan kujera yake kwana, ɗaga kafet ɗinka yau ka taɓa ka gani. Sifikun gaba ƙanana ne, kusan inci 4, a kusurwar dashbod, a canza su da sababbi masu om 4 a mayar da murfin asali a kai. Ƙofa kuwa kar a huda ta ko da wasa. Wayar wuta a sa mata fis kusa da batir, kar ya wuce kamu ɗaya, kuma ka kankare bakin wayar da wuƙa a gaban mai shago, in cikin ya fito fari toh alminiyom ne aka shafa ma jan ƙarfe, ka nemi ta gaske. Daga kwana ba za a ji ku ba, wannan aikin hon ne da ƴan babur, amma amarya zata ji kiɗa mai daɗi a ciki.

Na uku wata Hajiya ce daga Asawase, tace Alhaji ya sayo rediyo hom-yus, wato na hannu daga waje, ya sa a Peugeot 504 ɗinsa, tashar Zuria kawai yake kamawa, lamba bata wuce 90, ko an cuce shi ne?

Hajiya ina gaisuwa. Rediyon lafiyarsa ƙalau, daga motar Japan aka ciro shi, su can tsofaffin rediyonsu daga 76 zuwa 90 suke tsayawa, mu kuma tashoshinmu daga 87.5 ne zuwa 108. Zuria tana 88.7 shiyasa ta shigo, Luv da ke 99.5 da Nhyira da ke 104.5 sun fi ƙarfinsa. Akwai ɗan akwatin da ake jonawa a wayar eriya ya jawo sauran, amma lambobin sai su rikice kuma sautin yana raguwa, gara Alhaji ya mayar a canza masa. Masu sayen tsohon rediyon Turai ma ku duba fuskarsa, wasu a 104 suke ƙarewa, mutumin Accra mai jin Peace a 104.3 sai ya yi ta murzawa a bakin layi.

Na huɗu daga Madina Zongo, malamin makaranta ne, ya samu Volkswagen Beetle ta 1965, ya jona sabon rediyo ko ƙyaftawa bai yi ba.

Malam, kafin komai a sa mita a batir. Beetle ta wancan lokacin bolt 6 ce, sai wajen 1967 suka koma 12, rediyon yanzu kuma 12 yake so. In wani bai riga ya canza ta ba, akwai ƙaramar na'ura mai ɗaga 6 zuwa 12, zata riƙe rediyo shi kaɗai, banda amfilifaya. Ramin sifika ɗaya ne a dashbod gefen agogon gudu, ana samun sifika ɗaya mai ɗaukar layin hagu da dama tare, ita zaka nema. Dashbod ɗin ƙarfe ne mai fentin mota, in aka faɗaɗa ramin sai walda da fenti. Amma tsakani da Allah Malam, injin nan yana bayanka yana ta surutu, duk kuɗin da ka zuba rabin sautin shi zai cinye, ni da tawa ce sifikar Bluetooth mai caji zan ajiye a bayan kujera in huta. Batir ɗin kuma a ƙarƙashin kujerar baya yake, ka tabbata da murfi a kansa, in mai jiki ya zauna ƙarfen kujera ya taɓa kan batir wuta ce. Masu tsohuwar Land Rover da Morris na kafin ƙarshen shekarun 1960 ku ma ku auna, da yawansu layin fositif ne a jikin mota, in ka jona rediyon yanzu kai tsaye hayaƙi zaka gani.

Na ƙarshe wani Alhaji daga Sabon Zongo yace tunda aka sa masa sabon rediyo, motar da sai Juma'a yake fitowa da ita kullum sai ya tarar batir ya kwanta.

Alhaji ranka ya daɗe, a bayan rediyon akwai waya ruwan ɗorawa da ja. Ruwan ɗorawar ita ke zuwa batir kai tsaye don rediyo ya riƙe tashoshi, jar kuma makulli take bi. Wanda ya maka aikin ina kyautata zaton murɗe su yayi wuri ɗaya ya jona a batir don ya gama da wuri, shiyasa rediyon baya barci ko ka zare makulli. A raba su, aikin minti 20 ne. In an raba kuma abin bai daina ba, a sa mita tsakanin batir da wayarsa a dinga zare fis ɗaya-ɗaya har a ga wanda ke sha, in kana Kumasi ka turo direba da ita ranar Asabar da safe kafin Magazine ta cika.