Wata Huɗu Shiru, Sai Ga Kuɗin Inshora a Agusta

Tambaya: Malam, ina da kamfanin sayar da kayan abinci a Birmingham, ƙasar Ingila. Ni ce darakta, kuma ni kaɗai nake karɓar albashi, fam 1,047.50 duk wata. Daga Afrilu zuwa Yuli 2025 kamfanin bai biya ko sisi na inshorar ƙasa ba, wato National Insurance da ake biya wa gwamnati a kan albashi. A Agusta akanta ya ce mu biya kusan fam 36, a Satumba kuma fam 157. Ko dai ya yi kuskure ne?

Amsa: Hajiya, akantanki bai yi kuskure ba. Abin da ya rikita ki shi ne hukumar haraji ta HMRC ba ta auna albashin darakta wata-wata yadda take yi wa ma'aikaci. Tara shi take yi daga 6 ga Afrilu har 5 ga Afrilun shekara mai zuwa. Dalili kuwa, darakta shi ke da wuƙa shi ke da nama: da an bar shi, sai ya tattara albashinsa ya biya kansa a wata ɗaya don ya rage abin da za a cire.

A shekarar haraji ta 2025/26, fam 5,000 na farko ba a taɓa su. Duk abin da ya haura wannan, kamfani zai biya kashi 15 cikin ɗari, kuma ba shi da iyaka daga sama. Kafin Afrilun 2025 kashi 13.8 ne, abin da ba a taɓawa kuma fam 9,100, shi ya sa masu ƙananan kamfanoni da yawa suka ji a jikinsu.

Mu bi naki lissafin. Wata huɗu sun ba ki fam 4,190, ba ki kai iyakar fam 5,000 ba. A Agusta jimilla ta zama fam 5,237.50, wato kin wuce da fam 237.50, kashi 15 ɗinsa ne fam 36 ɗin nan. Daga Satumba kuwa rangwamen ya ƙare, albashin gaba ɗaya ake yi wa lissafi, fam 157 kowane wata har Maris. A shekara, fam 12,570 a cire 5,000 saura 7,570, kamfani ya biya fam 1,135.50.

Akwai hanya ta biyu da doka ta yarda da ita. A riƙa cire fam 417 daga albashin kowane wata, a biya kashi 15 na sauran, kusan fam 95, sannan a watan ƙarshe a sake lissafin shekara a daidaita. Jimillar ɗaya ce. Ni dai ga mai kanti irinki, da kuɗin sari ke fita kullum, na fi son wannan, domin kin san abin da ke jiranki tun farko. Ki yi magana da akanta kafin sabuwar shekarar haraji ta shiga.

Wanda aka naɗa darakta a tsakiyar shekara ba ya samun fam 5,000 cif. Ana raba su bisa makonnin da suka rage; idan 26 ne, fam 2,500.

Sai maganar rangwamen da ake kira Employment Allowance, wanda ya kai fam 10,500 a shekara. Da kin same shi da ya shafe kuɗin nan kaf. Amma kamfanin da daraktansa shi kaɗai ne ake biyan albashin da ya wuce iyaka ba ya cikin masu cin moriyarsa. Idan kin ɗauki mai tsaron kanti kina biyansa sama da fam 96 a mako, ƙofa ta buɗe. Sai dai aikin ya zama na gaske. Kada a rubuta sunan maigida ko ɗan uwa a takarda kawai.

Wasu kan rage albashi zuwa fam 6,500 a shekara (bisa lissafin 2025/26), su ɗauki sauran a matsayin ribar hannun jari, wadda ba a cire mata inshora. Kamfani zai biya fam 225 ke nan, kuma shekarar za ta shiga lissafin fanshon gwamnati. Kafin ki bi su, ki tuna albashi da inshorar da kamfani ya biya duk ana cire su daga riba kafin a yanka harajin kamfani, ribar hannun jari kuwa sai bayan an yanka. Ki sa akanta ya jera miki lissafin biyu da ribar da kike samu.

Kuɗin kowane wata ya isa HMRC zuwa ranar 22 ga watan da ke biye, idan ta banki za ki tura.