Yawon rana ɗaya da yara daga Kano: a je Daura ko a tsaya a gida?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Yarana uku suna hutun makaranta, babbar tana aji biyu a ƙaramar sakandare. A Kano muke zaune amma ko Gidan Makama ba su taɓa shiga ba. Ina so ranar Asabar mu ga Gidan Makama da Dala da marinar Ƙofar Mata, mu wuce Daura mu ga rijiyar Kusugu, mu dawo kafin magariba. Zai yiwu kuwa? Daga wata uwa a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah Ya raya mana su. Mota za ta iya, yaran ne ba za su iya ba. Ki cire Daura daga wannan Asabar ɗin. Zuwa kaɗai ta hanyar Kazaure yakan ci awa biyu ko fiye, dawowa ma haka, kin ga rabin yinin ya ƙare a kan kwalta. Abin da zai rage sai leƙe, kuma yaron da aka yi ta jan hannunsa daga nan zuwa can, gajiya kawai zai tuna.

Ku fara da Dala da sassafe, kafin rana ta yi zafi, don matakalar tana da tsawo. Daga sama za su hango Goron Dutse da hasumiyoyin masallacin cikin gari, su ga yadda birnin ya shimfiɗu. A nan ake ba su labarin Barbushe da Tsumburbura, sannan ki gaya musu cewa ganuwar da suke wucewa kullum a mota an fara gina ta ne tun zamanin Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134.

Daga nan sai Gidan Makama, kuma a nan nake so ku daɗe. Mutane da yawa suna shiga su bi hotuna da takubba da sulke, su fito ba su ɗaga kai sun kalli rufi ba, alhali ginin kansa ya fi duk abin da aka ajiye a ciki. Tun ƙarni na 15 yake, ana danganta shi da Muhammadu Rumfa, Sarkin Kano daga 1463 zuwa 1499. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903 sun yi amfani da shi, yanzu kuma hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ke kula da sashen da ake shiga. Ki sa yaran su dafa bango su ji sanyinsa da tsakar rana. Kaurin ginin ƙasa ne ke hana zafi ratsawa. Su dubi yadda aka jera azara, aka lanƙwasa bakan gizo, wato gantsararren ginin da ke tallafe rufi, ya ɗauki nauyin soro ba siminti ba rodi. Su tsaya gaban tsofaffin ƙyauren ƙofofin gari su auna da tsayinsu. Ku nemi ma'aikacin da zai zagaya da ku, ku bar yaran su yi masa tambaya da kansu; babbar ta riƙe littafi da biro.

Ƙofar Mata ba ta da nisa daga nan. Ana cewa marinar ta kafu a 1498. Abin kallo shi ne hannun marini: ya tsoma zane a ramin baba, ya ɗago shi da ɗan kore-kore, iska ta buge shi ya koma shuɗi a gaban idonki, ya sake tsomawa. Yawan tsomawar ne ke sa launin ya yi duhu. Wurin sana'a ne, ba wurin ajiyar kayan tarihi ba, saboda haka a yi sallama, a nemi izini kafin a ɗauki hoto, in da hali a sayi ko ɗankwali ne. A kuma riƙe hannun ƙaramin, ramukan suna da zurfi.

In da sauran ƙarfi bayan azahar da abinci, maimakon Daura ku nufi Fanisau a ƙaramar hukumar Ungogo, can bayan filin jirgin sama. Sarakunan Kano suna da gidaje a wajen gari, shi ya sa har yau ake Hawan Fanisau da Hawan Ɗorayi a bikin Sallah. Fanisau kuwa sansani ce a zamanin Sarki Ibrahim Dabo, lokacin da yake fama da tawayen Ɗan Tunku, wanda ya kafa masarautar Kazaure, kuma a can Bature matafiyi Clapperton ya sami Sarki Dabo a 1824. Sai dai ba gidan kallo ba ne mai tikiti a ƙofa. Za ku gaida masu kula da gidan, abin da suka ba da izini shi za ku gani. Ni a ganina wannan gaisuwar ma darasi ce ga yaran birni. In kin fi son ginin da yake a shirye don baƙi, Gidan Ɗan Hausa yana Nassarawa, inda Bature Hanns Vischer ya zauna, wanda ya buɗe makarantar boko a Kano a 1909.

Kin yi daidai da kika zaɓi Asabar, don ranar Juma'a wajen fada da masallaci yakan cushe tun kafin azahar. Amma ki tura wani ya tambayo lokacin buɗewa da kuɗin shiga tun ana gobe. Ki riƙe canji a hannu da ruwan sha mai yawa.

Daura kuma ki ware mata tata ranar, ku tashi bayan asuba. Kafin nan ki ba su labarin Bayajidda da macijiya da Daurama a gida, yadda in sun isa Kusugu sun riga sun san abin da suka je gani.