Amsa kan sauya kuloci da fulawil yayin canza giyabos

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ya dace ka sa kuloci mai ƙarfi da fulawil (wato faifan ƙarfen bayan inji da kuloci ke kamawa) mara nauyi tunda za a sauke giyabos ɗin motarka. Sauya kuloci dai ba ya bukatar dogon tunani, domin wahalar aikin duk tana wajen sauke giyabos, kuma wanda ya mayar da tsohon faranti zai biya ladan aiki sau biyu. A canza farantin, da murfin da ke matse shi, da boris ɗinsa gaba ɗaya, sannan a duba sil ɗin bayan inji, wato robar da ke hana mai ɗiga, saboda ɗigon mai kaɗan ya isa ya sa sabon kuloci santsi.

Batun fulawil ne ke son natsuwa. Idan dunƙulalle ne, kuma ba a ga tsagewa ko shuɗin tabon zafi a fuskarsa ba, ana iya goge shi a mayar. Mai ɓari biyu da sifirin a tsakani kuwa, galibi ba a goge shi, sai dai a sake sabo. Mara nauyi yana sa inji saurin ƙara gudu idan an taka totur, amma mota takan riƙa mutuwa wajen tashi, kuma za ka ji giya na ƙara idan tana tsaye inji na aiki. A ganina, muddin ba ka ƙara wa injin ƙarfi ba, kuloci irin na asali ya fi, don mai ƙarfin yana gajiyar da ƙafa a cunkoso. Bayan an ɗaura, ka lallaɓa shi na kimanin kilomita 800 kafin ka matsa masa.