Hukuncin shiga ƙungiyoyin kutse masu cewa don kare waɗanda aka zalunta suke yi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni ɗalibi ne a fannin tsaron kwamfuta. Wasu da muke hulɗa a Telegram sun gayyace ni ƙungiyarsu ta kutse. Ba kuɗi suke nema ba. Suna durƙusar da shafukan gwamnatoci da kamfanonin da suke ganin suna da hannu a zaluntar Musulmi, wani lokaci su kwaso bayanai su watsa. Sun ce jihadin zamani ne. Ya halatta in shiga?

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗana, zafin da kake ji idan ka ga ana zalunci alamar imani ce, kada ka bari ya mutu. Amma shiga wannan ƙungiya yadda ka siffanta ta bai halatta ba.

Gaskiya ne masu kutse ba manufarsu ɗaya ba. A 2011 'yan ƙungiyar kutse ta Anonymous sun raba wa mutanen Tunisiya wata 'yar manhaja da ke hana gwamnatin Ben Ali sace musu kalmomin sirri. A shekarar kuma wata ƙungiyar mai suna LulzSec ta fasa kamfanin Sony ta watsa bayanan jama'a, tana faɗa da bakinta cewa don nishaɗi take yi. Akwai kuma irin su Killnet, waɗanda hare-harensu ke bin duk inda maslahar Rasha ta nufa. Wanda ya haɗa waɗannan a hukunci ɗaya bai yi adalci ba. Sai dai hadisin "ayyuka suna tare da niyya" bai zo don ya mayar da haram halal ba. Kyakkyawar niyya tana sa a sami lada a aikin da asalinsa halal ne, ba ta wanke sata ko ɓarna. Don haka bayan mun tambayi me suke nufi, dole mu tambayi a kan wa cutar ke sauka.

Nan ne maganar ta fi nauyi. Idan aka cunkushe shafin banki ko na asibiti har ya tsaya, shugaban da ya ba da umarnin zalunci ko a jikinsa. Mai jinya ne ke wahala, da ma'aikacin da ke jiran albashi. Ƙungiyar Anonymous Sudan ta fito a 2023 tana cewa tana ramuwar ƙona Alƙur'ani da aka yi a Suwidin. Da masu gabatar da ƙara na Amurka suka tuhumi mutum biyu da jagorantarta a Oktoban 2024, cikin tuhumar har da hari kan asibitin Cedars-Sinai na Los Angeles, wanda ya sa aka riƙa juya marasa lafiyar gaggawa zuwa wasu asibitoci, da kuma sayar da makamin harin ga mai kuɗin saye. Me ya haɗa mai ciwon zuciya a motar asibiti da wanda ya ƙona Littafin Allah? Allah ya ce wani rai ba ya ɗaukar nauyin laifin wani (An'am 164), ya kuma ce kada ƙiyayyar wasu mutane ta sa ku bar adalci (Ma'ida 8). A fagen yaƙi na zahiri ma, Sayyidina Abubakar ya yi wa Yazidu ɗan Abu Sufyan wasiyya kada ya kashe mace ko yaro ko tsoho, kada ya rusa wurin da jama'a ke zaune. Ƙungiyar Red Cross ta duniya ita ma a 2023 ta fitar da ƙa'idoji 8 ga fararen hula masu kutse, ciki har da haramta taɓa asibitoci, abin da shari'armu ta riga ta shimfiɗa tushensa.

Kwaso bayanai kuwa ya faɗa cikin "kada ku yi bincike a asirin juna" (Hujurat 12) da hanin shiga gidan da ba naka ba sai da izini (Nur 27). Abokan naka za su kawo maka hujja da wasiƙar sahabi Haɗibu ɗan Abu Balta'a, mai tona wa Ƙuraishawa shirin Annabi na zuwa Makka, da aka ƙwace daga hannun matar da ke kai ta Makka. To, wa ya aiki Ali da Zubairu da Miƙdad? Annabi ne, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shugaban al'umma, a kan abu tabbatacce, kuma wasiƙar kaɗai suka karɓa. Malamai irin su Mawardi sun yi rangwamen bincike idan amintacce ya ba da labarin ana shirin kisa, don ɓarna ce da ba a iya gyara ta bayan ta auku. Ina wannan, ina zuba sunaye da adireshin dubban mutane a fili saboda ana jin haushin kamfaninsu?

Kiran abin jihadi ma bai inganta ba. Jihadi yana da shugaba sananne da ke ɗaukar alhaki. Kai kuwa ba ka san fuskar mai ba ka umarni ba, ba ka san ko wata hukumar leƙen asiri ce ke juya shi ba, balle ka tabbatar da laifin wanda aka ce ka kai wa hari. Ibnul Ƙayyim ya bayyana cewa hana mummunan aiki haramun ne idan zai haifar da wanda ya fi shi muni, kuma irin wannan kan ƙare da ɗauri ga matasa da ƙarin zargi a kan Musulmi.

Iliminka yana da inda zai yi amfani. Ka tsare shafukan asibitoci da ƙungiyoyin agaji daga hari, ka koya wa 'yan jarida da raunana yadda za su kare wayoyinsu, ka taimaka wajen adana hujjojin zaluncin da aka samu ta halal a miƙa su ga lauyoyi da kotuna. Gwada ƙarfin tsaron wani kamfani ma halal ne idan da izinin masu shi a rubuce. Idan akwai bayanan mutane da abokan nan suka riga suka turo maka, ka goge su, kada ka tura wa kowa, ka yi musu nasiha da taushi sannan ka fita daga cikinsu.

Allah ne mafi sani.