Tambaya da Amsa: Me ya sa wayata ke canza tsayin gidanmu?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na sauke manhajar auna tsayin wuri daga bakin teku a wayata. Da hantsi ta nuna mini wani adadi a tsakar gidanmu a Jega, da la'asar sai na ga ya ƙaru da kusan mita 25, alhali ina kan tabarmar da nake. Idan haka na'urar take, da me matuƙin jirgin da ke sauka a Birnin Kebbi yake dogara?

Amsa: Ɗan'uwa, wayarka lafiyarta ƙalau. Da alama abin da take aunawa shi ne nauyin iskar da ke bisa kanka, wato matsin iska, daga nan ta ƙiyasta tsayi. Altimitar jirgi, wato na'urarsa ta auna tsayi, ma haka take. An gina lissafin a kan cewa matsin iska a bakin teku hektofaskal (ma'aunin matsin iska) 1013.25 ne, zafi kuma digiri 15, yana raguwa da digiri 6.5 a kowace kilomita da aka hau. Duk lokacin da matsi ya faɗi da hektofaskal ɗaya, na'ura za ta ɗauka ka hau kimanin mita 8. A ƙasashenmu masu zafi matsi kan kai ƙololuwa wajen ƙarfe 10 na safe, ya sauka wajen 4 na yamma, tazarar na iya kaiwa hektofaskal 3. Mita 25 ɗinka ke nan.

Shi matuƙi ba ya barin abin haka. Kafin ya sauka, hasumiyar filin jirgi na karanta masa adadin da ake kira QNH, wato matsin iskar filin a lokacin da aka mayar da lissafinsa zuwa bakin teku, ya murɗa wani ɗan maɓalli har adadin ya fito a tagar altimita. A ce QNH 1008 ne, ya manta ya bar ta a 1013: za ta nuna masa ya fi inda yake tsayi da mita 40. A ranar da hazon hunturu ya rufe titin sauka, wannan kuskure na iya cin rai.

Gyaran zafi daban ne, kuma QNH ba ya maganinsa. Iska mai zafi buɗewa take, mai sanyi ta tsuke, don haka kowane digiri 10 na saɓani da ma'aunin asali yana kawo kuskuren kusan kashi 4 cikin 100 na tsayin jirgi daga filin. A watan Afrilu, idan zafi ya kai digiri 40 a Kebbi, jirgin da ke ganin ƙafa 1,000 yana wajen 1,100. Wannan da sauƙi, tunda sama ya fi. Matsalar tana wurare irin su Kanada da Rasha, inda a sanyin digiri 25 ƙasa da sifiri ƙafa 1,000 ke komawa wajen 850, dole matuƙi ya ƙara tsayi da kansa.

Ga wayarka, fara duba ko tana da baromita, wato na'urar auna matsin iska, domin yawancin masu araha da GPS kaɗai suke aiki, shi kuwa ya fi rauni wajen tsayi. In tana da ita, nemi rahoton yanayi da ake kira METAR na filin jirgin Sakkwato, lambarsa DNSO, ka ɗauki adadin da ke bayan harafin Q, wato QNH, ka sa a saitin manhajar. Ka sabunta shi duk awa ɗaya ko biyu. Kada ka auna cikin mota tana gudu gilashi a buɗe, iskar da ke shigowa za ta rikita awon.